Babi na Biyar: Cokula Masu Ruwan Azurfa, Gane Su da Yi Musu Kuɗi

Kayan cin abinci na alfarma da masana'antun Turai da Amurka suka shafe kusan shekara ɗari biyu suna ƙerawa, wato cokula da cokula masu yatsu da wuƙaƙen tebur da ludaya, sun kasu gida biyu waɗanda ido ba ya iya rabewa da kallo ɗaya, ko da yake tazarar da ke tsakaninsu a wajen kuɗi tana da faɗi ƙwarai. Akwai waɗanda aka ƙera da azurfa ciki da waje, akwai kuma waɗanda jikinsu wani ƙarfe ne daban da aka lulluɓe da siririn ɓawo na azurfa, irin abin da masu sayar da sarƙa da 'yan kunne ke kira ruwan gwal idan ana maganar zinariya, a nan kuwa sai a ce ruwan azurfa. Kashi na biyu shi ne ya fi yawa a duniya nesa ba kusa ba, shi ne kuma ya fi faɗowa hannun mai saye, ko a shagon kayan tarihi a Landan da Faris, ko a cikin tarkacen kayan kicin da ake shigowa da su gwanjo daga Turai zuwa kasuwannin Afirka ta Yamma.

Mutumin da ya saba sayen zinariya da azurfa da awo, a ɗora a sikeli a lissafa giram a faɗi kuɗi, shi ne ya fi kusa da yin kuskure a wannan fage, domin nauyin cokali mai ruwan azurfa kusan dukansa na ƙarfen ciki ne, wanda ba shi da wata daraja ta a zo a gani. Abin da ake biyan kuɗi dominsa shi ne sunan gidan da ya ƙera kayan, da zanen da ke jikinsu, da kaurin ruwan da aka yi musu tun farko, da abin da ya rage na ruwan bayan shekarun amfani, sannan da cikar saitin. Kusan dukan waɗannan bayanai suna rubuce a bayan mariƙin cokalin da ƙananan alamomi, saboda haka sanin kimarsa ya rataya ne a kan iya karanta su.

Asalin sana'ar

Wajen shekarar 1743 wani maƙerin wuƙaƙe a garin Sheffield na Ingila, mai suna Thomas Boulsover, ya gano cewa idan aka ɗora fallen azurfa a kan jan ƙarfe aka gasa su a wuta, sukan manne su zama abu guda, har a murza su a inji su yi faɗi ba tare da sun rabu ba. Matthew Boulton na Birmingham da wasu da dama sun yi arziki da wannan dabara, sai dai ta fi dacewa da tire da butar shayi da mazaunin kyandir, ba ta karɓi cokula sosai ba, saboda duk inda aka yanka fallen sai jan ƙarfen ya leƙo a gefe, ga shi kuma da laushi.

Abin da ya buɗe ƙofar ƙera cokula masu ruwan azurfa da yawa shi ne lantarki. Luigi Brugnatelli na Italiya ya yi wa ƙarfe ruwan zinariya da batir tun 1805, amma aikin bai zama sana'a ba sai a 1840, lokacin da George Richards Elkington da ɗan'uwansa Henry suka karɓi takardar mallakar fasahar a Birmingham, bayan sun sayi dabarar wani likita mai suna John Wright, wanda ya gano cewa ruwan sinadarin sayanayid, gubar nan mai kisa, yana sa azurfa ta kwanta sumul ta kuma kama jiki. Yadda ake yi shi ne, sai an gama ƙera cokalin tsaf da adonsa, sannan a rataya shi cikin kwarmin ruwan sinadarin a haɗa shi da baki ɗaya na wayar lantarki, a haɗa ɗaya bakin da sandar azurfa, to da zarar wuta ta ratsa sai azurfar ta riƙa zagwanyewa daga sandar tana bin ruwan tana kwanciya a jikin cokalin kaɗan-kaɗan. Kaurin ɓawon ya danganta da ƙarfin wutar da daɗewar cokalin a ciki, kuma a nan ne gidajen kirki suka bambanta da masu ha'inci. Wani abin lura shi ne azurfar da ke kwanciya tsantsa ce, ta fi ta cokalin azurfa na ainihi tsarki, shi ya sa sabon cokali mai ruwa yakan fi na ainihin haske da fari, abin da ke ruɗin wanda bai sani ba.

A Faransa Charles Christofle, wanda ya kafa kamfaninsa a 1830, ya sayi izinin amfani da fasahar a 1842 daga hannun su Elkington da kuma wani Bafaranshe mai suna Ruolz, kuma shi ne ya cire wa ruwan azurfa sunan kayan talaka. Sarki Louis-Philippe ya yi ciniki da shi, daga baya Napoleon na Uku ya sa aka ƙera masa babban saitin liyafa na mutum ɗari da ruwan azurfa maimakon azurfa zalla. Saitin ya ƙone a gobarar fadar Tuileries a 1871, kuma abin da aka tono daga cikin toka yana ajiye har yau a gidan adana kayan ado na Faris. Tun da sarki ya ci abinci da irin waɗannan kaya, manyan otal-otal da ofisoshin jakadanci da kamfanonin jiragen ruwa ba su ƙara jin kunyar sayensu ba.

Ƙarfen da ke ƙarƙashi, a cokulan kirki, gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, galibi kashi 60 na jan ƙarfe sauran biyun kuma wajen kashi 20 kowanne. Mutanen Sin sun daɗe da saninsa kafin Jamusawa su fara haɗa shi a masana'anta a 1823, kuma an zaɓe shi ne saboda yana da tauri, launinsa kuma fari-fari ne, ta yadda ko ruwan ya ɗan goge ba ya tona asiri nan take. Matsalarsa ɗaya ita ce sunayensa, domin 'yan kasuwa sun laƙaba masa sunaye masu ɗauke da kalmar azurfa alhali babu ko ƙwayar zarra ta azurfa a cikinsa. Duk cokalin da aka ga an buga masa Nickel Silver ko German Silver ko Alpacca, ko kuma sunayen talla irin su Nevada Silver da Potosi Silver, waɗanda aka aro daga wuraren da suka shahara da haƙar azurfa, to wannan gaurayen ƙarfe ake nufi, wani lokaci ma ko ruwan ba a yi masa ba.

Karatun hatimi

Aikin farko shi ne a tabbatar ko cokalin na ainihi ne ko mai ruwa, kuma ana yin sa da madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, bayan an goge bayan mariƙin da tsumma mai laushi. Kowace ƙasa da tsarinta, amma ƙa'idar da ta haɗa su ita ce hukuma ko doka ce ke tsaya wa azurfa ta ainihi, shi kuwa mai ruwa yawanci maƙerinsa ne kawai ke tsaya masa.

A Birtaniya azurfa ta ainihi ita ce mai kashi 925 cikin 1000, sauran 75 galibi jan ƙarfe ne da ake zubawa don ta yi ƙwari, kuma ba a sayar da ita sai wani ofishin gwajin ƙarfe ya auna ya buga hatimi. Alamar da aka fi sani ita ce zaki mai tafiya ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, wanda ake bugawa a Ingila tun 1544, kusa da shi kuma akwai alamar garin da aka yi gwajin, wato kan damisa ga Landan, anka ta jirgin ruwa ga Birmingham, kambi ga Sheffield har zuwa tsakiyar shekarun 1970 lokacin da aka maye shi da furen wardi, sai harafi guda da ke nuna shekara, sai haruffan sunan maƙeri. Masu ƙera kayan ruwa sun san idon mai saye yana neman wannan jeri na ƙananan hatimai huɗu ko biyar, don haka su ma suka riƙa jera nasu, kowane harafi a cikin ɗan gidansa, sau da yawa da tsohon rubutun Turawa mai ƙayoyi wanda ke da wuyar karantawa, wasu har da kambi, sai da aka hana su amfani da shi a ƙarshen ƙarni na 19. Idan aka natsu aka karanta haruffan, mafi yawan lokaci abin da zai fito shi ne EPNS, wanda ke nufin ruwan azurfa na lantarki a kan gaurayen nikel, ko EP kawai, ko EPBM idan ƙarfen ciki gaurayen kuza ne mai laushi. Alamar A1 da ake yawan gani da'awa ce ta maƙerin cewa wannan shi ne ruwansa mafi kauri, babu wata hukuma da ta auna, saboda haka A1 ta Elkington da A1 ta wani ƙaramin kamfani da ba a san shi ba suna iya bambanta sosai. Manyan gidaje suna da tambarinsu, James Dixon & Sons na Sheffield da begila, Walker & Hall da tuta mai tsini, Mappin & Webb kuwa sukan rubuta sunansu tare da Prince's Plate ko Mappin Plate, su kuma Elkington sun yi wa masu bincike gata, domin tun farkon shekarun 1840 suke buga lamba ko harafin shekara a kayansu ba tare da doka ta tilasta musu ba.

Tsarin Faransa ya fi sauƙin kamawa domin siffar hatimin kanta tana magana. Azurfa ta ainihi tana ɗauke da kan Minerve, wata mace mai hular yaƙi, wanda ake bugawa tun 1838, tare da hatimin maƙeri mai kusurwa huɗu da ya miƙe ya yi tsini a gefe biyu, shi kuwa mai ruwan azurfa hatimin maƙerinsa murabba'i ne ko mai kama da shi. Tsohon hatimin Christofle sikeli ne mai faranti biyu tsakanin haruffan C da C, da ƙudan zuma, daga 1935 kuma aka koma kan dokin wasan ces tsakanin O da C, a gefe kuma akan buga cikakken sunan kamfanin. Wannan canji kaɗai ya isa ya raba kayan gidan zuwa zamani biyu. A Jamus azurfa ta ainihi, tun daga 1888, tana zuwa da jinjirin wata da kambi da lambar tsarki, galibi 800, kayan ruwa kuwa tambarin kamfani suke ɗauka, kamar jiminar da ke kan tsofaffin kayan WMF na garin Geislingen.

Lambobin da ke kan cokulan Faransa da Jamus su ne mafi amfani ga mai son sanin kima, su ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. Babbar lamba irin su 800 da 835 da 925 da 950 tana nuna kason azurfa cikin dubu, wato kayan na ainihi ne. Lambobi irin su 60 da 84 da 90 da 100 da 150 kuwa nauyin ruwan ne da giram, kuma ba na cokali ɗaya ba, na dozin ɗaya na manyan cokula ne haɗe da dozin ɗaya na masu yatsu, guda 24 ke nan. Ma'anar 90, wadda ita ce ta fi yawa a kayan Jamus, ita ce an raba giram 90 na azurfa a kan guda 24, kowane ɗaya ya sami giram 3.75, kaurin ɓawon kuma ya kama wajen maikiron 35, shi maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, wato dai kusan rabin kaurin silin gashin kai. Idan aka ɗauki babban cokali mai nauyin giram 60, na ainihi mai 925 yana ɗauke da azurfa giram 55 da rabi, mai ruwa 90 kuwa bai kai giram huɗu ba ko da yana sabo fil, kuma ciro wannan ɗan kaɗan ɗin daga jikin ƙarfe aiki ne na sinadari mai tsada wanda ba ya biyan wahala sai ga masu tara kayan buhu-buhu. Wani lokaci akan ga ƙaramar lamba ta biyu, kamar 45 ko 18, wadda ke nuna giram ɗin da aka zuba a kan dozin ɗaya na wannan nau'in kaɗai. Gidan Robbe & Berking na Flensburg, wanda aka kafa a 1874, ya yi suna ne da ruwan 150, kuma ana jin bambancin a yawan shekarun da kayansa ke ɗauka kafin su goge. Akwai tarko guda da ya kamata a sani, wato lamba 84, domin a kan cokalin Faransa giram 84 na ruwa take nufi, amma a kan tsohon cokalin Rasha na zamanin sarakuna awo ne na daban wanda ake lissafawa cikin 96, ma'ana azurfa ta ainihi mai 875 cikin 1000, kuma sai an duba sauran hatiman da irin rubutun da ke kusa kafin a san wanne ne a hannu.

A Amurka lamarin ya fi miƙewa, domin kayan ainihi kusan kullum suna ɗauke da kalmar Sterling ko lamba 925, wanda babu su a jikinsa kuwa a ɗauke shi a matsayin mai ruwa. Rikicin da ake samu a can na shekara ne. Miliyoyin cokula suna ɗauke da rubutun 1847 Rogers Bros, kuma masu gado da dama sun ɗauka cewa cokulan kakarsu sun haura shekara 170, alhali 1847 shekarar da 'yan'uwan nan Rogers suka fara sana'ar ce a Hartford, ta kuma zama sunan kaya wanda kamfanin Meriden Britannia, sannan International Silver da aka kafa a 1898, suka ci gaba da bugawa har cikin ƙarni na 20. Mai karatun da ya san tsabar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa da Sudan da Habasha, maƙeran fari kuma suka narkar da ita ba adadi, zai gane abin nan da nan, domin ita ma 1780 ake buga mata ko da an ƙera ta bayan shekara ɗari da hamsin. Wasu alamu sun fi taimakawa wajen ƙiyasin zamani. Kalmar England a kan kayan Birtaniya galibi tana nuna an yi su ne daga 1891, bayan dokar harajin Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito, haka kuma wuƙar da aka rubuta wa ruwanta Stainless ko Inox ba ta riga 1913 ba, shekarar da Harry Brearley ya haɗa ƙarfe marar tsatsa a Sheffield, ko da yake ana samun tsohuwar ƙota da aka canza wa ruwan wuƙa.

Gwaje-gwajen da ake yawan ambata ba su kai hatimi amfani ba. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama gaurayen nikel ko tagulla ma, don haka iyakar abin da yake tonawa shi ne cokalin baƙin ƙarfe. Ɗiga ruwan asid a saman cokali zai nuna azurfa ne tun da saman azurfa ne, sai an goga zarto an kai ga ciki, wanda hakan ɓata kaya ne, ko na'urar haske da manyan dillalai ke amfani da ita tana iya ruɗuwa da ruwa mai kauri. Ido ya fi su duka idan ya san inda zai duba, wato ƙasan kwanon cokali inda yake zama a kan tebur, da tsinin yatsu, da wuraren da ado ya taso, domin nan ne ruwan ke fara cinyewa, sai a ga tabo mai launin toka-toka da ɗan rawaya wanda ba ya fita da gogewa.

Tantancewar tana da wata fuska ga mai karatu Musulmi, domin hadisan da ke cikin Buhari da Muslim sun hana ci da sha a ƙoren zinariya da azurfa, game da wanda aka yi wa ruwa kawai kuwa malaman Malikiyya sun yi saɓani, har Muhtasar na Shaihu Halil ya ambaci ƙauli biyu a kansa. Hukuncin na malamai ne, sai dai malami ba zai iya ba da fatawa ba sai mai tambaya ya san wane iri ne a gidansa.

Abin da ke sa kuɗi

Sunan gida shi ne kan gaba, kuma a kasuwar yau Christofle ya yi wa saura fintinkau, saboda kamfanin yana nan da ransa, yana sayar da sababbin kaya da tsada a manyan shagunansa, zanukansa irin su Marly da Perles da Malmaison da Cluny da Albi kuma ana ci gaba da ƙera su shekara da shekaru, ta yadda mai tsohon saiti zai iya cike giɓinsa, mai son sabo kuma yana da dalilin neman na hannu da rangwame. Bayansa akwai Ercuis da Puiforcat a Faransa, da Robbe & Berking da Wilkens a Jamus, da Elkington da Mappin & Webb a Ingila. Ya kamata a lura cewa Christofle yana fitar da wasu zanukan da azurfa ta ainihi da mai ruwa, yana kuma da kayan ƙarfe marar tsatsa, saboda haka sunan kaɗai bai isa ba sai an haɗa da hatimi. Lambar 18/10 alamar ƙarfe marar tsatsa ce, tana nufin kashi 18 na kuromiyam da 10 na nikel. Kayan da aka yi wa jama'a da yawa kuwa, irin na Rogers da Community Plate na Oneida da cokulan EPNS marasa suna, kyawunsu bai hana su araha ba, domin an ƙera su da yawan da ya wuce masu nema, kuma tsufa kaɗai ba ya ƙara musu komai.

Zane yana iya ɗaga kaya sama da ajinsu. Tsofaffin zanukan Ingila irin su King's da Fiddle da Old English ba mallakar kowa ba ne, kamfanoni da yawa sun yi su, shi ya sa ake samunsu ko'ina, amma abin da aka san wanda ya zana shi, kamar aikin Josef Hoffmann na Viyana, ko na Gio Ponti, ko na Luc Lanel wanda ya zana wa Christofle kayan jirgin ruwan Normandie na 1935, ana sayensa ne a matsayin aikin fasaha, kuma yana iya fin cokalin azurfa zalla marar suna kuɗi. Haka nan kayan da ke ɗauke da sunan wani otal ko jirgin ƙasa ko kamfanin jiragen ruwa, irin su White Star Line ko Elder Dempster wanda jiragensa suka daɗe suna zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas, suna da masu tara su na musamman, ga shi kuma an saba yi musu ruwa mai kauri saboda wahalar da za su sha. Haruffan sunan wani mutum da ba a san shi ba, waɗanda ake sassaƙawa a mariƙi, a Faransa galibi ta baya saboda a kife suke ajiye cokali mai yatsu, rage kuɗi suke yi, kuma ba sa kankaruwa a kayan ruwa ba tare da an kai ga ƙarfen ciki ba.

Cikar saiti tana da nauyin da wanda bai shiga harkar ba zai yi mamakinsa. Saitin Faransa na gargajiya guda 37 ne, wato manyan cokula 12 da masu yatsu 12 da cokulan shayi 12 da ludayin miya ɗaya, manya kuwa sukan haura ɗari idan aka haɗa da wuƙaƙe da kayan cin kifi da na kayan zaƙi da na zuba abinci. Saitin mutum goma sha biyu da ya cika, zanensa ɗaya, hatiminsa na zamani ɗaya, yana cikin akwatinsa na asali, ya fi jimillar kuɗin guda-gudansa a gwanjo, wanda ya rasa cokali ɗaya kuwa ana yi masa kuɗin saitin mutum takwas ko goma da 'yan ƙari. Dillalai sukan cike giɓi da wasu cokulan masu zane iri ɗaya daga wani zamani ko wani gida, kuma ana gane haka ne idan aka jera su aka gwada tsawo aka juya bayansu ɗaya bayan ɗaya. Sake yi wa tsohon cokali ruwa abu ne mai yiwuwa, amma gogewar da ake yi kafin a tsoma shi tana dusar da ado da hatimi, kuɗin aikin kuma yakan wuce kimar cokali na gama-gari, saboda haka bai cancanta ba sai ga kayan babban gida ko na gado da ake ƙauna. Hatimin da ya yi dishi-dishi a kan cokali mai ƙyalli kamar sabo alama ce ta ɗayan biyu, ko an sake ruwan ko kuma jabu ne da aka zuba a mazubi.

Kaya ɗaya yana da farashi uku, kuma yawancin saɓanin mai sayarwa da mai saye daga cakuɗa su yake tasowa. Akwai kuɗin mayewa, wato abin da za a biya a shagon kamfanin ko a wajen masu sayar da guda-guda irin su Replacements na jihar North Carolina, kuma shi ne masu inshora ke aiki da shi. Akwai kuɗin gwanjo, wanda ake samu a bayanan cinikin da aka kammala a wurare irin su Drouot na Faris da Bonhams na Landan da kasuwannin intanet, kuma yakan kasance ɗan kaso ne kawai na farko, a cikinsa ma gidan gwanjon yana cire la'adarsa daga mai sayarwa yana kuma ɗora wata a kan mai saye. Na uku shi ne abin da dillali zai bayar hannu da hannu, wanda dole ya gaza na gwanjo tun da shi ma riba yake nema. Kuɗin da wani ya rubuta a tallarsa ta intanet ba shaida ba ne, buri ne, abin dogaro shi ne wanda aka sallama aka biya a kan kaya masu gida ɗaya da zane ɗaya da adadi ɗaya da lafiya iri ɗaya. A kan wannan ma'auni, wanda ya sayi sabon saitin ruwan azurfa da niyyar ajiye dukiya, kamar yadda mata ke ajiye gwal don ranar buƙata, ya zaɓi kadarar da ke faɗuwa tun ranar da ta bar shago, wanda ya sayi na hannu mai lafiya daga babban gida don ya yi amfani da shi kuwa yana iya mayar da mafi yawan kuɗinsa.

Lafiyar ruwan ita ce kaɗai abin da ke hannun mai kaya. Baƙin da azurfa ke yi ba tsatsa ba ne, haɗuwarta ce da farar wuta da ke cikin iska da ƙwai da albasa, kuma a saman kawai yake tsayawa, don haka saitin da ya yi baƙi ƙirin a akwati sau da yawa ya fi wanda ke walƙiya lafiya, saboda kowace gogewa da magani mai kaushi tana tafiya da wani abu daga cikin maikiron talatin da 'yan kai ɗin nan. Toka da yashi da soson ƙarfe da ake wanke tukwane da su suna iya cinye ruwan shekara hamsin a wata ɗaya. Wanki da ruwan ɗumi da sabulu mai laushi, da tsanewa nan take, da naɗewa a ƙyallen auduga a wuri marar laima, sun wadatar. Kada a ɗaure cokulan da robar ɗaure kuɗi, domin akwai farar wuta a cikinta, kuma zoben da take bari yakan ci ruwan har ya kai ga ƙarfen ciki.